KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI: Yadda Ake Cin Gumin Malaman Turanci A Japan Da Koriya

Da yawa daga cikin matasa, da zarar an ambaci Bature, abin da ke zuwa masu a zuciya shi ne mutumin da ya gagari wulaƙanci, wanda duk inda ya sa ƙafa a duniya sai an shimfiɗa masa darduma. To, mai wannan tunani sai ya dubi abin da ya faru a ƙasar Japan a ƙarshen shekarar 2007, lokacin da aka ga Turawa 'yan Ingila da Amurka da Kanada da Ostireliya, masu digiri a hannu, suna tallar koyar da Turanci ga duk wanda zai saya masu abinci. Ba yaƙi aka yi ba, ba kuma girgizar ƙasa ba ce ta faɗa masu. Kamfanin da suke wa aiki ne ya cinye haƙƙinsu, ya bar su tsirara a tsakiyar kasuwa.

Sunan kamfanin Nova. Wani ɗan kasuwa mai suna Nozomu Sahashi ne ya kafa shi a birnin Osaka a 1981, ya bunƙasa har ya zama mafi girma a cikin makarantun kuɗi masu koyar da hira da Turanci, waɗanda Japanawa ke kira eikaiwa. Ya mallaki rassa wajen 900, mafi yawansu a bakin tashoshin jirgin ƙasa, yana yi wa mutane romon baka cewa ga karatun ƙasar waje an kawo masu har ƙofar tasha. Ɗalibansa sun kai kimanin 300,000, malamansa 'yan ƙasashen waje kuwa wajen 4,000. Sirrin cinikin shi ne a karɓi kuɗin darussa masu yawa tun gaba, a dunƙule, sai a yi ta buɗe sabbin rassa da kuɗin darasin da ba a riga an koyar ba. Ɗalibi ya biya, ya zo neman lokacin darasi, a ce babu gurbi. Ya ce a mayar masa da kuɗinsa, sai a yi masa wani lissafin dokin Rano da zai tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. A watan Afrilun 2007 Kotun Ƙolin Japan ta ce wannan lissafi ya saɓa wa doka. A watan Yuni ma'aikatar ciniki ta hana kamfanin ƙulla sabbin yarjejeniyoyi masu dogon zango har na wata shida. Daga nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Wa aka fara yankawa? Ma'aikata. Albashi ya fara jinkiri, daga baya ya tsaya cak. Abin da ya fi muni shi ne batun gida. Da yawa daga cikin malaman a gidajen da kamfanin ya kama masu suke zaune, ana cire kuɗin haya daga albashinsu kowane wata, ashe kuɗin ba ya isa hannun masu gidajen. Sai ga takardun tashi suna faɗowa ta ƙarƙashin ƙofa a kan mutanen da suka riga suka biya hayarsu. Ranar 26 ga Oktoba kamfanin ya je kotu ya ce ya durƙushe, da bashin Yen biliyan 43.9 a wuyansa. Bayan 'yan kwanaki aka buɗe wa 'yan jarida ofishin shugaban a Osaka, aka tarar da ɗakin shan shayi irin na sarauta, da ɗakin wankan tururi, da katafaren gado. Wannan fa a daidai lokacin da malamansa ke ƙirga tsabar da ta rage masu a aljihu suna tunanin ko za ta kai su ga biredi.

Wani zai ce ai wannan hatsari ne na kasuwa, kamfani ya faɗi, kuma ko'ina kamfanoni na faɗuwa. Wannan magana ba ta kama hankali ba. Faɗuwar Nova ta yaye zane ne kawai, amma abin da ke ƙarƙashin zanen ya daɗe yana nan, a makarantun da ba su faɗi ba, masu cin riba lafiya lau. Cin gumin da ake yi a kullum ba ya shiga jarida saboda kaɗan-kaɗan ake yinsa, awa ɗaya yau, Asabar ɗaya gobe.

Ga yadda abin yake tafiya. Takardar kwantiragi za ta ce malami zai koyar na awa kaza a mako, a biya shi kaza. Kalmar da aka ɓoye tarkon a cikinta ita ce "koyarwa". Lokacin shirya darasi ba koyarwa ba ne. Duba aikin yara da rubuta rahoto ga iyaye ba koyarwa ba ne. 'Yan mintocin da ke tsakanin darasi da darasi, waɗanda malami ke cike takardun ɗalibai a cikinsu ko ya tsaya yana hira da mai son shiga makaranta don a ja ra'ayinsa, su ma ba a ƙirga su. Sannan a zo kan ƙarshen mako. A Koriya ta Kudu, inda ake kiran irin waɗannan makarantu hagwon, mai makaranta zai kira malami ranar Alhamis ya ce Asabar akwai gasar magana da Turanci, ko bikin yaye yara, ko ranar da iyaye za su zo kallon darasi. In malami ya tambayi ladan wannan rana, sai a nuna masa wani ɗan layi a can ƙasan kwantiragi da ke cewa zai halarci "sauran ayyukan makaranta idan buƙata ta taso". Buƙatar kuwa mai makaranta ne kaɗai ya san ranar tasowarta. A Japan wannan ɗabi'a ta yi jijiya har ta sami suna, suna ce mata sabisu zangyo, wato aikin ƙarin lokaci na kyauta, kamar wata gyara ce ma'aikaci ke yi wa ubangidansa bayan an gama ciniki. Kai, a ce mutum ya sayar da ƙarfinsa, sannan a tilasta masa ba da gyara!

Kuma kada mai karatu ya ɗauka babu doka a waɗannan ƙasashe. Akwai ta, a rubuce ɓaro-ɓaro. Dokar ƙwadago ta Japan, wadda aka kafa tun 1947, a yau ta iyakance aiki a awa 8 a rana, awa 40 a mako. Abin da ya haura haka a biya shi da ƙarin aƙalla kashi 25 cikin ɗari, aikin ranar hutun da doka ta wajabta kuwa da ƙarin kashi 35. A Koriya ƙarin kashi 50 ne. Amma azzalumi ba ya rasa ƙofar baya. Dokar Koriya ba ta ɗora wannan ƙari a kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai biyar ba, haka nan kariyar da ke hana korar ma'aikaci ba da dalili ba, ga shi kuwa ƙananan hagwon sun cika unguwanni. A Japan kuma shekara da shekaru kamfanoni na rubuta wa malamai awa 29 da rabi a mako, don kada su taɓa awa 30 ɗin da aka saba ɗauka a matsayin mizanin shigar da ma'aikaci inshorar lafiya da fansho, wanda kamfani ke biyan rabin kuɗinsa. Rabin awa ɗaya tak! Malamin yana makaranta tun safe har dare, amma a takarda shi ɗan wucin-gadi ne. Sai daga 2016 aka fara sauke mizanin zuwa awa 20 a manyan kamfanoni.

Akwai kuma abin da malaman Koriya suka laƙaba wa suna korar wata na goma sha ɗaya. Doka ta ce duk wanda ya cika shekara guda yana aiki, yana da haƙƙin kuɗin sallama daidai da ladan kwana 30 a kan kowace shekara. Galibin kwantiragin malaman na shekara ɗaya ne, kuma a ƙarshensa ake biyan kuɗin jirgin komawa gida. To sai malamin da aka yi wata goma ana yabonsa ya wayi gari an ce iyaye sun yi ƙorafi a kansa, yara ba sa gane karatunsa, ya tattara nasa ya nasa. Da takarda ɗaya mai makaranta ya tsira da kuɗin sallama da kuɗin jirgi, ya ɗauko sabon baƙo wanda bai san dawan garin ba.

Tambayar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce, me ya sa suke haƙuri? Ba bayi ba ne, suna da fasfo mai ƙarfi, suna da ofisoshin jakadanci. Amsar tana cikin yadda aka ɗaure abubuwa uku a hannun mutum ɗaya: albashi, da gidan kwana, da izinin zama a ƙasa. A Koriya bizar malamin harshe, wadda ake kira E-2, a ɗaure take da makarantar da ta ɗauko shi. In yana son komawa wata makaranta kafin wa'adinsa ya cika, a mafi yawan lokuta sai ya sami takardar saki daga hannun wanda yake ƙoƙarin guje wa. Duk wanda ya san labarin tsarin kafala a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda 'yan ci-rani ke zama a tafin hannun kafili, ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Wanda ya ce ba zai zo ranar Asabar ba, ba albashinsa kaɗai ya sa a caca ba, har da katifar da zai kwana a kai da hatimin da ke cikin fasfonsa. Ga shi ba ya jin harshen ƙasar, kwantiragin kuma sau da yawa na harshen ƙasar ne ake dogara da shi in an je gaban hukuma. Gaba kura, baya sayaki. Shi ya sa wasu ke zaɓar abin da suke kira gudun tsakar dare: su karɓi albashin wata, su haɗa jaka, gari na wayewa suna filin jirgi, su bar duk abin da suke bin makarantar. Mai makaranta ya yi ta kururuwar an ci amanarsa, alhali ribar ƙafa kawai aka yi masa.

Akwai masu cewa, ina ruwan talaka da kukan Bature? Ai ko an cuce shi ya fi wani samu, kuma in ta yi zafi yana da gidan komawa. Akwai gaskiya a ciki. Ita kanta bizar E-2 ta koyar da Turanci an gina ta ne a kan fifiko: a asali 'yan ƙasashe bakwai ake ba ita, wato Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Ɗan Nijeriya da ya yi karatunsa da Turanci tun daga firamare har jami'a, ko da ya fi su sanin nahawu, ba ya cikin lissafi. Abin da ake sayarwa a wannan kasuwa ba ilimi ba ne zalla, har da fuska da fasfo da karin harshe, shi ya sa ake manna hoton malamin a jikin motar makaranta kamar tallar sabulu. Amma fa wannan hujja ce a kan masu maganar, ba tasu ba. In har wanda aka ɗora a saman tsani haka ake tatsarsa, to na ƙasan tsanin, wanda ke aikin masana'anta ko gona ko jirgin kamun kifi a waɗannan ƙasashe, wane irin hali yake ciki? Saurayin da ke zaune yana mafarkin wani dillali ya samo masa biza, yana ganin da ya sauka daga jirgi kakarsa ta yanke saƙa, ya kamata ya san cewa wanda ya rubuta kwantiragi don kansa ya rubuta, kuma duk layin da bai fayyace awa da ranaku da lada ba, an bar shi a buɗe ne da gangan.

Abin lura kuma shi ne, duk ɗan abin da malaman nan suka ƙwato, ba da roƙo suka same shi ba, ba kuma ofishin jakadanci ne ya karɓo masu ba. Waɗanda suka gudu da tsakar dare sun tsira da kansu, amma sun bar ramin a buɗe ga na bayansu. Waɗanda suka tsaya suka haɗa kai su ne suka motsa dutsen. Malaman kamfanin Berlitz a Tokyo sun shiga yajin aiki a 2007 da 2008 suna neman ƙarin albashi. Kamfanin ya maka su a kotu yana neman diyyar Yen miliyan 110 don ya karya masu gwiwa, aka yi ta jan shari'a har 2012, kotun Tokyo ta ce yajin aikin halal ne a doka. A Koriya, Kotun Ƙoli ta yanke a 2015 cewa malaman wata babbar makarantar Turanci da aka rubuta a matsayin masu zaman kansu, ma'aikata ne cikakku, a biya su kuɗin sallama da sauran haƙƙoƙinsu. Dabarar ta kiran ma'aikaci ɗan kwangila mai zaman kansa ita ce sabuwar rigar da tsohon zalunci ya sa: kamfani ne ke tsara masa lokaci, shi ke ba shi littafi, shi ke faɗa masa irin tufafin da zai sa, amma ranar biyan haƙƙi sai a ce ai shi ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa.

Malaman Nova kuwa, ƙungiyoyin ƙwadago ne suka tsaya masu a Osaka da Tokyo, suka bi masu hanyar asusun gwamnati da ke biyan kashi 80 cikin ɗari na albashin da kamfanin da ya karye ya riƙe, shi ma sai bayan watanni na jira, lokacin da da yawa sun riga sun ci bashi sun koma ƙasashensu. Wani kamfani na birnin Nagoya ya karɓi ragowar makarantun da sunan, ya ci gaba da ciniki. An kama Sahashi a 2008 bisa laifin wawure Yen miliyan 320 daga asusun jin daɗin ma'aikata, kuɗin da ake tarawa daga albashinsu. A 2009 aka yanke masa shekara uku da rabi, ya ɗaukaka ƙara aka rage zuwa shekara biyu. Ba a rufa shekara uku da faɗuwar Nova ba, a watan Afrilun 2010, sai wani babban abokin gasarsa mai suna GEOS shi ma ya durƙushe, kuma kamfanin nan na Nagoya ne dai ya sake kwashe mafi yawan rassansa.