Abin da Muke Ɗaura wa Doki a Baki

A gidan dawakin Carl Hester da ke Gloucestershire, Ingila, na kalli yadda ake koya wa doki takun ƙasaita. Hester na cikin tawagar Birtaniya da ta ci zinare a Olamfik ta Landan a 2012. Na zaci zan ga ana fizgar linzami. Sai na ga mahayi ya ɗan matse ƙafa, doki ya sauya taku, nan take ya sassauta masa. Sassaucin nan shi ne ladansa. Ba a kai doki ajin ƙoli na gasar sai ya shekara 8.

Na tuna wasu dawakinmu ranar hawan sallah, bakinsu jina-jina. Ashe gaggawarmu muke ɗaura musu, muna kiranta linzami.