Ɗumama gida a Turai: famfon zafi ya fi tukunyar gas sauƙin kuɗi?

Da zarar hunturu ya kama a Faransa, kuɗin ɗumama ɗaki ne ke hana magidanta barci, har da 'yan Nijar da Kamaru da Chadi mazauna can. Gwamnati na ta kwaɗaitar da jama'a su bar tukunyar gas su koma ga na'urar da Faransawa ke kira pompe à chaleur, wato famfon zafi. A 2023 Shugaba Macron ya ɗora wa ƙasar burin ƙera miliyan 1 a shekara nan da 2027.

Aikin na'urar kamar na firji ne da aka juya. Tana zuƙo ɗumi daga iskar waje ta tura cikin gida, kuma duk kilowat 1 na lantarki da ta ci takan mayar da kusan 3 na zafi. Tukunyar gas kuwa abin da ta ƙona kaɗai take bayarwa, kusan kashi 90 cikin 100.

Ribar ta dogara ne ga tazarar farashin lantarki da na gas. A Faransa lantarki ya ninka gas sau biyu ne kawai. Gidan da ke buƙatar kilowat 10,000 na zafi zai biya wajen yuro 1,200 da gas, ko ƙasa da 700 da famfon. A Birtaniya, inda lantarki ya ninka gas kusan sau huɗu, famfon na iya fin tukunya cin kuɗi, balle a tsohon gida mai shigar da sanyi ta taga da rufi.

Sai kuɗin kafawa, wanda masu talla ba sa son a daɗe a kansa. Ya kan haura yuro 10,000, sama da sefa miliyan 6 da rabi. Ko da tallafin MaPrimeRénov', sai an yi shekaru kafin uwar kuɗi ta dawo. Ɗan haya, kamar yawancin baƙi, ba shi da ta cewa: mai gida ke zaɓar na'ura, shi ke biyan takarda.

Arahar lantarkin Faransa daga tashoshin nukiliya take, masu samar da kusan kashi biyu bisa uku na wutar ƙasar, kuma yuraniyom ɗin Arlit ya daɗe yana ciyar da su. A Yunin 2025 Nijar ta mayar da kamfanin Somaïr hannun gwamnati. Da wuya hakan ya taɓa takardar wutar mazaunin Lyon nan kusa, domin Faransa na saye daga Kazakistan da wasu ƙasashe, kuma kuɗin ma'adinin ƙaramin kaso ne a farashin wutar nukiliya.