Firiji Bai Kashe Mutum 72 a Grenfell Ba

Malam, na karanta ra'ayinka cewa zalunci ne dokar Ingila ta ɗora wa masu gidajen haya nauyin kariya daga gobara, wai tunda a ɗakin ɗan haya wuta kan tashi, shi ke da alhaki. Gobarar benen Grenfell a Landan ta rushe wannan hujja. Gaskiya ne wutar daren 14 ga Yuni, 2017 daga firiji ta tashi a hawa na huɗu. Amma abin da ya kai ta ƙolin bene mai hawa 24 shi ne kwanon da aka liƙa wa bangon waje, mai ci kamar an zuba masa fetur. Ƙofofi da dama kuma ƙarfen da ke jawo su su rufe da kansu ya lalace, sai hayaƙi ya toshe matattakalar fita ɗaya tilo. Wane ɗan haya ne ya zaɓi kwanon nan, ko yake da ikon cire shi? Kwamitin bincike ya tabbatar a 2024 cewa duk rayukan nan 72 da an iya ceton su.

Ka ce kuɗin gyara kan ɗan haya zai faɗa. To, abin da dokar Ingila ta 2015 ta nema daga mai gida shi ne na'urar gano hayaƙi a kowane hawa, 'yar aba mai batir da ba ta wuce tafin hannu ba. Wanda ya ƙi, ana iya cin sa tarar da za ta iya kai fam 5,000. Mai karɓar haya duk wata ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba. Ka janye maganarka, Malam.