Me ya haɗa ɓeran ɗakin gwaji da yaron Damari?

Duk shekara idan damina ta kankama, zazzaɓin cizon sauro kan kwantar da yara a Damari da sauran ƙauyukan gabashin Birnin Gwari. Akasarinsu suna warkewa. Wasu kuwa ciwon kan hau musu kai, su fara jijjiga, su suma. Ko an kai su asibiti, cikin yara biyar ko shida da zazzaɓin ya taɓa ƙwaƙwalwarsu, akan rasa ɗaya. Cikin waɗanda suka tashi, wasu kan koma gida da farfaɗiya, ko kurumta, ko rashin riƙe karatu.

A ganina, ba za mu rage wannan asara da gidan sauro da magani kaɗai ba. Sai jami'o'inmu na Arewa sun iya wani aiki da mutane da yawa za su ɗauka wasa ne: ciro wasu ƙwayoyin halitta daga ƙwaƙwalwar farin ɓera domin a yi nazarinsu.

Ana kiran waɗannan ƙwayoyi maikurogiliya. Wani likitan Sifaniya, Pío del Río Hortega, shi ya fara bayaninsu a 1919. Su ne dogaran ƙwaƙwalwa, kuma kusan ɗaya ne cikin kowace ƙwaya goma da ke cikinta. Suna sintiri, suna kwashe matattun ƙwayoyi, suna tashi idan cuta ko guba ta shigo. Amma idan suka yi fushi fiye da kima, sinadaran da suke fitarwa kan jawo kumburi, su lalata abin da suke gadi. Wani bincike da aka yi a Malawi, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne ke kashe yawancin yaran da wannan zazzaɓi ke ɗauka. Sanin rawar da dogaran nan ke takawa a kumburin yana daga cikin hanyoyin neman maganinsa.

Ba a buɗe kan yaro mai rai don a duba su, shi ya sa ake komawa ga ɓera. Ana sa masa maganin barci, a wanke jinin jikinsa da ruwan gishiri mai sanyi, a ciro ƙwaƙwalwar a ɗora kan ƙanƙara. Sai a narkar da ita, sau da yawa da wani sinadari da ake samu daga ƙaron gwanda. Daga nan na'ura mai wulwulawa ta ware kitsen da ke naɗe da jijiyoyi, sannan a kamo maikurogiliya da wasu ƙananan ƙwayoyin ƙarfe masu manne musu, maganaɗisu ya janye su gefe. Ƙwaƙwalwar ɓera guda ba ta ba da fiye da 'yan dubban ɗaruruwa.

Na jariran ɓeraye sun fi sauƙin rainowa, amma ba su gama girma ba, don haka halinsu daban ne. Na balagaggen ɓera sun fi faɗin gaskiya, sun kuma fi wuyar sha'ani: cikin 'yan sa'o'i bayan fitar da su, sukan fara sauya hali. Idan aka ɗauke wuta na'ura tana tsakiyar juyi, ko firji ya huce, aikin makonni ya tashi a banza. A nan gizo ke saƙar a ƙasarmu.

Wani zai ce, mutanen da suka tsere daga Damari a 2022 saboda 'yan bindiga, waɗanda sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a ƙarshen 2024 ya fara ba su damar komawa gona, ina ruwansu da ɓera? Asibiti suke so, da hanya, da tsaro. Gaskiya ne, kuma waɗannan su ne kan gaba. Sai dai tarihin jihar nan ya nuna cewa bincike ma yana isa ƙauye. A shekarun 1930 cutar barci, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa kuma take ƙarewa a ƙwaƙwalwa, ta addabi ƙasar Zazzau har aka gina sabon gari, Takalafiya, a Anchau. A 1947 aka kafa cibiyar binciken wannan cuta, wadda hedikwatarta ke Kaduna har yau, wato NITR. Yanzu da wuya ka ji ɗan Adam ya kamu da ita a Arewa, ko da yake sammore bai bar shanun makiyaya a bakin dazuzzuka irin Kamuku ba. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi suna a duniya kan nazarin wannan ƙwayar cuta, daga Zariya.

Akwai kuma gubar dalma. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan masu haƙar zinare na Zamfara, a 2015 ta kashe 28 a yankin Shikira na jihar Neja. Ƙasar Birnin Gwari ma ana haƙar zinare. Dalma ƙwaƙwalwar yaro take nufa, kuma gwaje-gwajen ɓeraye sun nuna tana tunzura maikurogiliya. Wa ya fi mu buƙatar sanin yadda hakan ke faruwa?

Ɓera dai ba mutum ba ne. Magunguna da dama sun ceci ɓeraye daga zazzaɓin ƙwaƙwalwa, suka kasa a jikin yara. Saboda haka dole mai gwaji ya zauna kusa da likitan da ke duba marasa lafiya a Shika ko Barau Dikko. Kuma dabbar tana da hakki: a rage yawan waɗanda ake kashewa, kada a bar ta ta sha azaba, kwamitin ɗa'a ya amince kafin a taɓa ta.

Abin zai yiwu. A Damaturu, Dakta Mahmoud Bukar Maina da gwamnatin Yobe sun kafa cibiyar BioRTC a 2021, inda matasa ke koyon binciken ƙwaƙwalwa da na'urorin zamani. Kaduna, mai ABU da NITR da jami'ar jiha, ba ta da hujjar zama a baya.

Buƙatun ba su da yawa. TETFund da gwamnatin jiha su haɗa kuɗi a gina gidan kiwon ɓerayen gwaji mai tsafta guda ɗaya, da wutar sola da ba ta yankewa, duk cibiyoyin uku su yi tarayya a kansa. A biya masu kula da ɗakin gwaji albashin da zai riƙe su. Sannan a ɗaura tallafin da sharaɗi: binciken ya fuskanci zazzaɓin ƙwaƙwalwa, sanƙarau da dalma. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma shi ya kamata ya fara hawa gyara.