Sabuwar bindiga: ƙarfen ne ke buƙatar horo ko mai riƙe da shi?

Shekaranjiya a majalisarmu gardama ta kaure kan abin da ban taɓa zaton zan sa baki a ciki ba. Wani ƙanenmu ya kalli bidiyon Turawa a waya, ya zo yana cewa sabuwar bindiga sai an "hore" ta tukuna, kamar sabon babur da ba a ba shi wuta sai injin ya saba. Wani dattijon maharbi ya yi dariya, ya ce shi duk tsawon shekarunsa a daji bai taɓa jin wannan ba. Na ce bari in faɗi nawa ra'ayin a nan, don maganar ta wuce ta majalisa.

Da farko, ba ƙarya yaron ya yi ba. A Amurka da Turai masu gasar harbi sun daɗe suna wannan muhawara. Bindigarsu mai dogon zango tana da tsagi murɗaɗɗe a cikin bututu, shi ke juya harsashi ya tafi saiti. Wasu sun ce sabon bututu yana fitowa da ɗan kaushi da injin ƙira ya bari, kuma jan ƙarfen da ke jikin harsashi yana maƙalewa a wurin. Shi ya sa suke harba ɗaya su goge, su sake harbawa su goge, har wajen sau goma. Wasu kuma, cikinsu har da fitaccen maƙerin bututu Gale McMillan, sun ce ɓata harsashi ne kawai da rage wa bututun kwana. Har yau ba su daidaita ba.

To amma jama'a, wannan gardamar masu neman huda tsakiyar takarda ce daga nesa. Mu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba ita ce damuwarmu ba. Abin da ke hannun yawancin 'yan sa-kai da manomanmu adaka ce da harbi-ka-ruga, ƙirar gida. Cikin bututunta sumul yake, babu tsagin da za a ce ana gyarawa. Tambayarmu ita ce: in an harba, gaba za ta yi ko a hannun mai ita za ta tashi?

Na san abin da nake faɗa. Ɗan yayata, yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya sayar da buhun masara biyu ya sayi sabuwar ƙira. Abokai suka ce a gwada ta, a ɗura mata albarushi sosai don ta "saba da wuta". Harbin farko bututun ya tsage. Yau yatsu uku suka rage masa a hannun hagu, ko fartanya ba ya riƙewa da kyau. Ba ɗan bindigar daji ne ya yi masa haka ba. Rashin sani ne.

Ƙarfe ba doki ba ne da za a ce ya saba. In bututu yana da rauni, kowane harbi ƙara masa rauni yake yi. Turawa da kansu sun gane haka tun da daɗewa. A Ingila, a birnin Birmingham, tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindiga. Ana ɗaure ta a ɗaki mai kariya, a harba ta da ƙarfin da ya fi na yau da kullum, ba kowa a kusa, a duba ta, sannan a buga mata tambari. Wadda ba ta da tambari haramun ne a sayar da ita. Mu kuwa gwajinmu a kafaɗar ɗan mutum ake yi.

Ban zo zargin kowa ba. Wanda ya ga daren Disambar 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka dawo da 344 bayan kusan mako guda, ya san dalilin da ya sa mutane suka nemi makami. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari da bakinsa ya ce jama'a su tashi su kare kansu. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da askarawan tsaron al'umma sama da 1,400, bayan an ba su horo. Nan ne fa maganata take: su an hore su. Dubban da ke ƙauyuka da bindiga a bayan ƙofa, wa ya hore su?

Ga abin da nake gani. Sabuwar bindiga, ko ta kamfani ce, abin da take buƙata kafin harbin farko shi ne a share man ajiyar da ke cikinta, a tabbatar babu abin da ya toshe bututun. Mu nan har zanzaro yana gina gidansa na laka a cikin bindigar da aka jingine. Laka ko tsumma ko tsatsa a ciki ya isa ya fasa ƙarfe mai kyau, balle na ƙira. Bayan wannan, sauran aikin duk na mutum ne: kada ka nuna ta ga abin da ba ka nufin harbi, yatsa ya nisanci kunama, kada a ajiye ta a ɗure inda yara ke wasa.

Sannan don Allah a daina gwajin dare a cikin gari. A yankin da ƙarar bindiga ke nufin "sun shigo", harbi ɗaya ya isa ya sa mata su goya yara su faɗa daji, mai ciki ta faɗi, mai hawan jini ya kwanta. In abin ya yawaita kuma, ranar da na gaske suka zo sai a ce ai yara ne ke gwaji.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar makamai ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sanda ikon hana riƙe bindigar da ake ɗurawa ta baki ba tare da lasisi ba. Nawa ne a cikinmu suke da shi? Kirana ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da hakimai shi ne a yi rajistar bindigogin 'yan sa-kai, a samu ƙwararre ya duba su, wadda ba ta da lafiya a karɓe ta, a ware fili da rana guda na koyarwa a gaban jami'an tsaro. Muna da kamfanin ƙera makamai na DICON a Kaduna tun 1964. Rashin masana ba shi ne matsalar ba.

Wani zai ce rajista hanyar ƙwace wa talaka abin kare kai ce. Na fahimci wannan tsoron, kuma hakkin gwamnati ne ta cire shi. Amma bindigar da ke cin hannun mai ita ba ta kare kowa ba.

Maharba da 'yan sa-kai da ke bibiyata, kun fi ni sanin wannan harka. Inda na yi kuskure ku gyara min. Allah Ya kawo mana ranar da za mu jingine su gaba ɗaya mu koma gona lafiya. Amin.