Sun Koyi Harshenmu, Mu Muna Gudun Nasu

Duk lokacin da aka fara sayar da fom ɗin JAMB, daga Birnin Kebbi har Argungu zance ɗaya ake ji: likita, lauya, injiniya. Da yaro ya ce zai karanta harshe ya zama malami, sai uba ya ɓata rai ya ce wannan ba abinci, wani ɗan uwa kuma ya tsuke fuska ya ce Faransanci harshen kafirai ne. To, muna so mu gaya wa ɓangarorin biyu cewa sun yi kuskure, kuma al'umma ce take biyan kuɗin kuskuren.

Mu fara da mai cewa haramun ne. Ina ya samo wannan fatawa? Alƙur'ani a Suratur Rum ya lissafa bambancin harsuna cikin ayoyin Allah. Manzon Allah (S) da kansa ya umurci Zaidu bn Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, ba tare da an dogara da tafintan ɗaya ɓangaren ba, kuma ya koya cikin kimanin rabin wata. Shin kai ka fi Manzo kishin addini ne?

Dubi kuma yadda waɗanda suka mulke mu suka yi. Baturen mishan Schön ya buga nahawun Hausa tun 1862, shekaru 41 kafin a ci Sakkwato a 1903. Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Kano a 1909. An fitar da Baibul cikin Hausa a 1932, Bargery ya fitar da ƙamus a 1934. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, rediyon Faransa ya buɗe nasa a 2007. Ƙaunar Bahaushe ce ta sa su wannan wahala? Ko kusa! Sun san wanda ya riƙe harshenka ya riƙe kunnenka. Su suna jin abin da muke faɗa a zaurukanmu, mu kuwa sai abin da suka ga dama suka fassara mana.

Mu mutanen Kabi mun fi kowa buƙata. Daga Kamba ka tsallaka Gaya, ka haye gada ka shiga Malanbil ta Benin, duk takardar kwastan da ta kotu da ta asibiti da Faransanci take. Mutanen can 'yan uwanmu ne na jini da addini, Ingila da Faransa ne suka ja layi tsakaninmu. Ko da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ta bar Faransanci cikin harsunan aiki. Wa zai karanta wa ɗan kasuwarmu abin da ake ce masa ya sa wa hannu? Wa zai kai kira ga ɗan bokon Yamai da Kwatano cikin harshen da ya yi karatu da shi?

Shi kuma mai cewa koyarwa aikin wanda ya rasa abin yi ne, ya je Gwandu ya tsaya a hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829. Larabci ba harshen uwarsa ba ne, amma ya ƙware har ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawu, da Hisnur Rasin a sarfu, da tafsirin Liya'ut Ta'awil. Jihadin nan da karantarwa ya fara, shekaru masu yawa kafin a zare takobi. Gaskiya ne albashin malami abin kunya ne, amma wannan laifin tsarin da ya wulaƙanta malami ne, kuma in kun bar ajin, wani zai shiga ya tarbiyyantar da ƙannenku yadda yake so.

To ina za a nufa? Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, ga ta nan kusa, ana karantar da Larabci da Faransanci da Turanci da Hausa. Akwai Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya. Mai son Larabci a inda zai ji Faransanci a kasuwa, ga Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar. Wanda makinsa bai kai ba, ko aljihunsa bai kai ba, kada ya zauna gida: ya shiga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu ya yi NCE, daga nan ya nemi jami'a ya fara daga aji biyu.

Amma kada ka zaɓa da ka. Ka je da ƙafarka ka tambayi ɗalibai: malamai nawa ne a sashen, kuma suna shiga aji? Hukumar NUC ta amince da kwas ɗin? Ana haɗa shi da darasin koyarwa, domin ka fito da shaidar malanta? Ɗalibin Faransanci ya sani a shekara ta uku ana tura ɗalibai Ƙauyen Faransanci na Badagiri, sai ya fara tanadi tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ka tambayi inda masallaci yake da inda 'yan uwa suke zaman karatu, domin mun ga waɗanda suka tafi koyon harshen Bature suka dawo da zuciyarsa. Ka riƙe Larabcinka da Alƙur'aninka tukuna, sannan ka ɗauki harshensu yadda maharbi yake ɗaukar baka.

Ya Allah ka ba mu ilimi mai amfani, ka tsare mu daga wanda ba ya amfani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.