ZAUREN UWARGIDA: Na'urar Tsotse Danshi Ta Ƙi Aiki

A watan Agustan 2024 ruwa ya yi ta zuba a Kankiya, har bangon ɗakina ya jiƙe. Ranar da na buɗe akwatin lefena wallahi sai da na yi ƙwalla: atamfofi biyu sun yi hunhuna, littafin da nake rubutawa kuwa shafukansa sun manne. Shi ne Yaya ya aiko mini da na'urar tsotse danshi daga Legas. Iskar ɗaki take ja, ta sanyaya ta, ruwan ya riƙa ɗiga cikin ɗan bokitinta.

Kwana uku da kunnawa ta tsaya cak. Maigida har ya ce a kira mai gyara, ashe bokitin ne ya cika. In ya cika, ko bai zauna daidai ba, ita ke kashe kanta. Na zubar da ruwan, na wanke ragar da ƙura ta toshe, na janye ta daga jikin bango, na rufe ƙofa da taga. Sai ga ta tana aiki sumul.

Da hunturu ya shigo, Anti ta ara ta tafi da ita Kusada. Sati guda ta dawo mini da ita rai a ɓace, wai na ba ta matacciya, ko ɗigo babu. Na ce, "Haba Anti, iskar da ke fasa mana leɓe, wane ruwa za ta samu a cikinta?" Har yau ba ta gama hucewa ba, amma ta ce in ajiye mata sai damina.